X-Men a cikin Star Trek

X-Men ƙungiyar jarumai ce ta littattafan zane na kamfanin Marvel, wadda Stan Lee da Jack Kirby suka ƙirƙira a 1963. 'Yan ƙungiyar mutane ne da aka haifa da sauyi a ƙwayoyin halittarsu, abin da ya ba su baiwar da sauran jama'a ke tsoro. Shi kuwa Star Trek shirin talabijin ne na Amurka da Gene Roddenberry ya fara a 1966, kan ma'aikatan kumbon Enterprise. Sau uku aka haɗa su a labari ɗaya tsakanin 1996 da 1998, kuma duk a kan takarda: littattafan zane biyu da ƙagaggen labari ɗaya.

Asali

Marvel ta fara samun izinin buga labaran Star Trek a wajajen 1979, lokacin da fim ɗin farko ya fito. Wanda ya zana labarin fim ɗin shi ne Dave Cockrum, mutumin da ya fitar da kamannin Storm da Nightcrawler da Colossus a 1975. Izinin ya bar hannun Marvel a farkon shekarun 1980, bai dawo ba sai 1996, lokacin da kasuwar X-Men ke ci sosai.

Haɗuwar farko, 1996

A ƙarshen 1996 aka fitar da Star Trek/X-Men. Scott Lobdell ne ya rubuta, masu zane da dama suka yi aikin, cikinsu har da Marc Silvestri da David Finch. Labarin ya ɗauko zare ne daga wani tsohon kashi na shirin talabijin, inda Gary Mitchell, aminin Kyaftin Kirk, kwamandan Enterprise, ya sami iko irin wanda ya fi ƙarfin ɗan Adam, ya kangare, har ta kai Kirk ya halaka shi a duniyar Delta Vega. A littafin, wata ɓaraka ta buɗe a sararin samaniya kusa da wurin. Ta nan Proteus, tsohon abokin gaban X-Men mai shiga jikin mutane, ya ratso ya tayar da gawar Mitchell. Deathbird ta Shi'ar, wata daula ta baƙin halittu a labaran X-Men, ta biyo sawu da dakarunta, X-Men bakwai kuma suka bi bayanta: Cyclops, Jean Grey, Wolverine, Beast, Storm, Gambit da Bishop.

Abin da masu karatu suka fi riƙewa ƙananan fitowa ne. Gladiator, shugaban dakarun Shi'ar, ya tsaya a sararin samaniya ba rigar kariya ya kai wa Enterprise naushi da hannu. Spock, mataimakin Kirk, ya matse wa Wolverine jijiyar wuya kamar yadda ya saba kayar da mutane, Wolverine ya zube, amma nan da nan ya miƙe saboda jikinsa mai warkar da kansa ne. A ɗakin jinya kuma aka kira Dakta McCoy, sai mutum biyu suka amsa, domin likitan kumbon Leonard McCoy ne, shi ma Beast sunansa na yanka Henry McCoy. Zaɓen Mitchell shi ne ya ba littafin nauyi. Tambayar da labarinsa ya tayar tun 1966, wato me jama'a za su yi da ɗan'uwansu da ya wayi gari da ikon da ba su da shi, ita ce X-Men suke rayuwa da ita kullum.

Second Contact, 1998

Dan Abnett da Ian Edginton suka rubuta, Cary Nord ya zana. Ma'aikatan Kyaftin Picard, kwamandan wani sabon Enterprise a shirin Star Trek: The Next Generation, a hanyarsu ta komawa gida bayan abin da ya faru a fim ɗin First Contact, sun faɗa zamanin X-Men, inda Kang mai yawo cikin zamani ya yaudari ɓangarorin biyu.

Planet X, 1998

Ƙagaggen labari ne na Michael Jan Friedman, wanda Pocket Books ta buga, kuma ci gaban Second Contact ne. A duniyar Xhaldia wasu matasa sun fara samun baƙuwar baiwa, hukuma ta tsare su, wasu mahara da ake kira Draa'kon kuma suka zo kwashe su don su mayar da su makami. Littafin ya ba shaƙuwar Picard da Storm fili. Ya kuma ambaci kamannin da ke tsakanin Picard da Farfesa Charles Xavier, wanda ya kafa ƙungiyar X-Men, shekara biyu kafin Patrick Stewart, wanda ke fitowa a matsayin Picard, ya hau kujerar Xavier a fim ɗin X-Men na 2000.

'Yan wasa

Ba Stewart kaɗai ne ya fito a ɓangarorin biyu ba. Famke Janssen ta fito tare da shi a The Next Generation a 1992, kafin ta zama Jean Grey. A shekarar ce Kelsey Grammer ya leƙo a matsayin Kyaftin Morgan Bateson, a 2006 kuma ya zama Beast. Rebecca Romijn ta bi hanyar ta ɗaya gefen: daga Mystique ta X-Men ta koma Una Chin-Riley ta Star Trek a 2019.

Matsayi

Ba a lissafa labaran uku cikin tabbataccen tarihin Star Trek, domin al'adar masu shirin ita ce abin da aka nuna a talabijin ko fim shi ne hujja. Masoya sun rabu: wasu na ganin dabarar kasuwa ce kawai, wasu na ganin jigon ɓangarorin biyu ya dace da juna. A 2011 kamfanonin IDW da DC sun haɗa ma'aikatan Kirk da wata ƙungiyar, Legion of Super-Heroes.