Auna buƙatar tallafi ga yara masu tawayar ƙwaƙwalwa

Auna buƙatar tallafi hanya ce ta gano irin taimakon da yaro mai tawayar ƙwaƙwalwa yake buƙata kafin ya iya yin abin da sa'o'insa suke yi a gida da unguwa da makaranta. Tawayar ƙwaƙwalwa ba taɓin hankali ba ce, ko da yake a bakin mutane akan gwama su. Rauni ne wajen koyo da fahimta da ɗawainiyar kai, kuma tun yarinta yake bayyana. A arewacin Kamaru da Chadi, cikin abubuwan da suke jawo shi akwai sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, doguwar naƙuda, shawarar jarirai mai tsanani da ƙarancin sinadarin ayodin.

Asali

A da, gwajin basira ake dogara da shi, wanda Alfred Binet da Théodore Simon suka fara a Faransa a 1905. Daga baya aka riƙa ɗaukar maki 70 zuwa ƙasa a matsayin alamar tawaya. Sai dai maki ba ya gaya wa uwa ko malami abin da za su yi wa yaron gobe da safe. A 1992, ƙungiyar Amurka mai kula da lamuran masu tawayar ƙwaƙwalwa, da yanzu ake kira AAIDD, ta mayar da hankali kan yawan tallafin da mutum yake buƙata. Ita ce ta fitar da ma'aunin Supports Intensity Scale na manya a 2004, sannan na yara 'yan shekara 5 zuwa 16, wato SIS-C, a 2016.

Yadda ake aunawa

Ba jarrabawa ake yi wa yaro ba. Mai tambaya yakan zauna da aƙalla mutum biyu da suka san shi sosai. Ana farawa da larurorin lafiya da na ɗabi'a, sannan a bi ayyuka 61 a fannoni bakwai, ciki har da zaman gida, karatu, kiyaye lafiya da cuɗanya da mutane. Kowane aiki yana da tambaya uku: wane irin taimako, sau nawa, kuma na tsawon wane lokaci a yini? Ana ba kowace amsa maki daga 0 zuwa 4.

A ɗauki yarinya 'yar shekara tara a Garwa, arewacin Kamaru. Tana alwala da kanta in an tuna mata abin da ke biye da wanke fuska. Kullum ne, amma da baki kawai, kuma ba ya wuce minti biyu. Tsallaka kwalta cikin 'yan babur kuwa sai an riƙe hannunta. Wani yaron mai maki ɗaya da ita a gwajin basira, amma yana da farfaɗiya, ba a barinsa kusa da murhu ko rijiya ko da ƙiftawar ido. Nauyinsu a kan iyaye ba ɗaya ba ne.

A Kamaru da Chadi

Da yaran Amurka aka daidaita makin ma'aunin, kuma tambayoyinsa da Turanci aka rubuta su. A Marwa ko Kusiri sai an yi tafinta zuwa Hausa ko Fulatanci ko Larabcin Shuwa, an kuma sa aike da ɗebo ruwa da makarantar allo cikin lissafi. Wanda za a tambaya ma abin dubawa ne. Uba na kasuwa tun safe, uwa na iya yin alkunya in ɗan fari ne, alhali yarinyar da take goyonsa ita ta san komai, ba kuma a cika kiranta ba. Taimakon da aka saba yi kan ɓace wa ido: sai a ce "ai yana ci da kansa", ba a lissafa wadda take gutsura masa tuwon ba.

Akwai kuma tambayoyin da UNICEF da Washington Group, rukunin masana ƙididdigar naƙasa, suka fitar a 2016, amma na ƙididdiga ne, suna nuna yawan yaran da ke da matsala, ba sa tsara wa yaro guda tallafi. Chadi ta yi dokar kare naƙasassu a 2007, Kamaru ta yi tata ran 13 ga Afrilu 2010. Katin naƙasa da ma'aikatar jin daɗin jama'a ta Kamaru take bayarwa yana dogara ne da takardar likita mai nuna kason naƙasa cikin ɗari. Awa nawa ake ɗawainiya da yaron a yini, wannan ba ya cikin katin.