Waiwaye: Daga ƙurar dutse zuwa ƙurar da ido ba ya gani

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai yankan tayil a wani sabon gini a Kaduna ya san farar ƙurar nan da ke rufe gashin ido da gemu. Da sinadarin silika a cikinta, wanda shi ne jigon yashi da yawancin duwatsu. Ɓarnarta a huhu ba yau aka gano ta ba.

Tun a 1556 Agricola, wani likita Bajamushe, ya ba da labarin matan garuruwan haƙar ma'adinai da suka binne maza har bakwai a jere saboda ciwon ƙirji. A 1870 Visconti ɗan Italiya ya raɗa wa cutar suna silikosis. A 1930 aka yi babban taron duniya a kanta a Johannesburg, domin ta addabi masu haƙar zinare a Afirka ta Kudu. A daidai lokacin ne ake fasa ramin Hawk's Nest a Amurka, inda ɗaruruwan lebura, akasarinsu baƙaƙen fata, suka mutu cikin 'yan shekaru.

Amma sanin cewa ƙura na kisa daban, sanin yadda take kisan daban. Nan dabbobi suka shigo. A shekarun 1920 Leroy Gardner, a Saranac ta Amurka, ya riƙa sa ɓerayen Masar cikin akwatuna ana busa musu ƙura wata da watanni. Irin wannan aiki ya nuna cewa ƙwayoyin da ke share dattin huhu suna haɗiye silika, ta kashe su, wasu su zo su haɗiye, ta sake kashe su, har wurin ya zama tabo mai tauri. Ya kuma nuna cewa huhun da silika ta taɓa ya fi saurin faɗa wa tarin fuka. A 1997 hukumar binciken sankara ta duniya ta sa silikar dutse cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara ga ɗan Adam.

Sai ga wata silikar, wadda ake haɗawa a masana'anta. Girman ƙwayarta yakan gaza nanomita 100, alhali kaurin silin gashi ɗaya ya kai nanomita dubu 80. Tana cikin fenti da tayar mota da man goge haƙori, har da garin abincin da ba a so ya dunƙule. Gininta ba tsararre ba ne irin na dutse, shi ya sa da farko aka ɗauka ba ta da wata illa.

Ɓeraye suka gyara wannan zato. A 1991 masu bincike a Holan suka fitar da sakamakon shaƙar mako 13: ta masana'anta ta kumbura huhu sosai, amma da aka daina shaƙa, yawancin ɓarnar ta lafa, don jiki na narkar da ita. Ta dutse kuwa ta zauna daram, tabo na ƙaruwa. Ni dai ban ga abin sakin jiki a nan ba. Ɓera an ba shi hutu ya warke. Ma'aikacin da ke juye buhun hodar kullum wa ya ba shi hutu?

Gwajin yau ya fi na da tsauri. Ƙa'idojin OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe masu ci gaba, na gwajin kwana 28 da na kwana 90, waɗanda aka sabunta a 2018 domin irin waɗannan ƙwayoyi, sun ce a sa ɓera ya shaƙa awa shida a rana, a wanke huhunsa da ruwan gishiri a ƙirga ƙwayoyin kumburi, a kuma auna ƙurar da ta maƙale idan mai wuyar narkewa ce. Duk da haka ɓera ba mutum ba ne: ta hanci kaɗai yake numfashi, kuma huhunsa na saurin gazawa idan ƙura ta yi yawa. Ga kuma ran dabbar, da ya sa ake ta ƙoƙarin gwaji a kan ƙwayoyin huhun mutum da aka rena a kwano.

Abin da ke damuna shi ne, ana can ana auna sabuwar ƙura da ma'aunin zinare, mu nan tsohuwar ce ke cin mutanenmu. Matan da ke fasa dutse da guduma a bayan gari, masu niƙa dutsen zinare a yankin Birnin Gwari, yaron da ke riƙe wa maigidansa tayil, da ƙyar ka ga mai takunkumin kirki. In tari ya kama mutum sai a ce sanyi ne ko hazo, in ya tsananta a ce tibi. Yana iya shan maganin wata shida, tibin ta tafi, numfashin bai dawo ba, domin tabon silika ba ya goguwa. Ostireliya ta haramta dutsen haɗi da ake shimfiɗawa a kan kantar kicin a watan Yulin 2024 saboda samarin da ya lalata wa huhu. Mu kuwa ko yayyafa ruwa a bakin inji, wanda ke kwantar da mafi yawan ƙurar, bai zama al'ada ba tukuna.