Yadda dokar Kosovo ke tilasta zaɓe kafin cikar wa'adi

Kosovo ƙaramar ƙasa ce a yankin Balkan, mutanenta ba su kai miliyan 2 ba. Ta ayyana 'yancin kanta daga Sabiya a ranar 17 ga Fabrairun 2008, amma har yau Sabiya na cewa yankinta ne, Rasha da China ma ba su amince da ita ba, don haka ba ta da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya. Wa'adin majalisar dokokinta shekara huɗu ne, sai dai da wuya ta cika shi: an yi zaɓen gaggawa a 2010, 2014, 2017, 2019 da 2021. Duk wannan yana cikin kundin tsarin mulkinta, kuma galibi ya ta'allaƙa ne a kan lamba ɗaya, wato 61.

Majalisar tana da kujeru 120. An ware 20 ga tsirarun ƙabilu, 10 na Sabiyawa, 10 na sauran irin su Turkawa da Bosniyawa da Roma. Sauran 100 ne jam'iyyu ke fafatawa a kai, kuma jam'iyyar da ba ta kai kashi 5 cikin ɗari na ƙuri'u ba ba ta samun komai. Gwamnati ba ta tsayawa sai 'yan majalisa 61 sun ɗaga mata hannu. To ka ga wanda ya lashe rabin ƙuri'un ƙasar ma zai iya rasa cikon, dole ya nemi abokan tafiya.

Bayan zaɓe, shugaban ƙasa yana miƙa wa ɗan takarar jam'iyyar da ta yi nasara aikin kafa gwamnati. Kwana 15 ke gare shi ya kawo sunayen ministocinsa gaban majalisa. In bai samu rinjaye ba, shugaban ƙasa zai sake zaɓo wani cikin kwana 10. In shi ma ya faɗi, shi ke nan, an koma wa talakawa, kuma dole a yi zaɓe cikin kwana 40. Akwai wasu ƙofofin: kashi biyu bisa uku na 'yan majalisa su yarda a rushe ta, ko a kasa zaɓen shugaban ƙasa cikin kwana 60 (majalisa ce ke zaɓensa), ko a kayar da gwamnati da ƙuri'ar rashin amincewa shugaban ƙasa ya rushe majalisar.

Abin da ya faru a 2020 ne ya fi nuna min ƙarfin wannan doka. A watan Yuni majalisa ta amince da gwamnatin Avdullah Hoti da ƙuri'u 61 cif, babu ragi babu ƙari. Jam'iyyar adawa ta Vetëvendosje, wadda Albin Kurti ke jagoranta, ta garzaya Kotun Tsarin Mulki, ta ce ɗaya daga cikin masu ƙuri'ar bai cancanci zama ɗan majalisa ba, domin kotu ta riga ta yanke masa hukuncin ɗauri, dokar zaɓe kuma ta hana wanda aka samu da laifi cikin shekara uku da suka wuce tsayawa takara. A watan Disamba kotun ta yarda. Da aka cire ƙuri'arsa saura 60, gwamnatin da ta yi wata shida tana aiki ta zama ba ta da tushe. Aka sa zaɓe ranar 14 ga Fabrairun 2021.

Hukuncin bai bar wanda ya kai ƙarar ba. Shi ma Kurti an cire sunansa daga jerin 'yan takara, saboda hukuncin da aka yi masa kan jefa barkonon tsohuwa a zauren majalisa. Wannan ya burge ni ƙwarai, domin an auna mai ƙara da mudun da aka auna abokin hamayyarsa. Jam'iyyarsa ta samu kusan rabin ƙuri'u da kujeru 58, ta cike gurbin da goyon bayan wakilan tsirarun ƙabilu da ba Sabiyawa ba, kuma tun da doka ba ta ce sai ɗan majalisa ne zai zama firaminista ba, a watan Maris na 2021 Kurti ya hau kujerar.