Ma'anar "Ɓangaren Hagu" a Siyasa

Duk lokacin da aka yi zaɓe a Turai, sai a ji masu sharhi a rediyo suna ta ambaton jam'iyyun ɓangaren hagu kamar kalmar tana nufin 'yan adawa, wasu ma su mai da ita daidai da gurguzu. Wannan kuskure yana dagula labarin gaba ɗaya. Sunan ya samo asali ne daga majalisar Faransa a 1789, inda magoya bayan sarki suka zauna a daman shugaban majalisa, masu son a rage masa iko kuma suka zauna a hagunsa. Tun daga nan ake kiran masu ganin cewa aikin gwamnati shi ne ta tsaya wa ma'aikaci da talaka da wannan suna, ko suna kan mulki ko ba sa kai. Talakawan Kano da suka bi NEPU da Malam Aminu Kano sun san wannan aƙida sarai.

Wanda ya kalli Aprile, fim ɗin barkwancin siyasa da Nanni Moretti ɗan Italiya ya fitar a 1998 kuma ya fito a cikinsa a matsayin kansa, ba zai sake rikita ma'anar ba. Fim ɗin ya fara da nasarar Silvio Berlusconi, attajiri mai gidajen talabijin uku, a zaɓen 1994, sannan ya gangaro zuwa zaɓen Afrilun 1996, watan da aka haifa wa Moretti ɗa. Ana cikin yaƙin neman zaɓe, sai ga Moretti zaune gaban talabijin yana kallon muhawara: Berlusconi yana ta sukar alƙalai, Massimo D'Alema, shugaban babbar jam'iyyar hagu wadda ta gaji jam'iyyar kwaminis ta ƙasar, ya yi gum. Moretti ya kasa daurewa, ya ɗaga murya yana cewa, "D'Alema, ka faɗi wani abu na hagu!" Wannan magana ta zama karin magana a Italiya, kuma ta cancanta, domin D'Alema abokin hamayyar Berlusconi ne a lokacin, amma hamayyar ba ta sa bakinsa ya furta abin da magoya bayansa suke jira ba.

Ƙawancen Romano Prodi, wanda jam'iyyar D'Alema take ciki, ya ci zaɓen, kuma a daren murna Moretti yana kan babur ɗinsa yana shelar nauyin jaririnsa, kilo 4.2. Wurin da ya fi taɓa ni shi ne 1997, bayan jirgin ruwan 'yan gudun hijirar Albaniya ya nutse da mutane da dama. Moretti ya je Brindisi, garin gaɓar teku a kudancin Italiya, ya tsaya bakin teku yana takaicin cewa babu shugaban hagu ko ɗaya da ya zo, alhali gwamnatin tasu ce, kuma irin waɗannan bayin Allah suka ce sun fito karewa.