Harbi a wuya: ku daina ɗora mutum zaune a kan kabu-kabu

Jama'ar Damagaram, abu guda muke ta gani a ɗakin gaggawa. Bindigar farauta ta tashi wajen gyara, ko harsashi ya sami mutum a wuya, sai a cicciɓe shi a ɗora zaune tsakanin mutum biyu a kan kabu-kabu, kai na lilo, ba mai danne raunin. Kafin a iso babban asibiti rai ya yi halinsa.

Don Allah ku daina!

Wuya ƙaramin wuri ne, amma nan manyan jijiyoyin jini, maƙogwaro da laka suka bi. Jinin babban mutum bai wuce kimanin lita 5 ba. Idan jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta tsage, mintoci kaɗan sun isa. Idan kuwa wadda ke maido jini ce ta buɗe, kuka zaunar da shi, iska tana iya zuƙuwa ta ramin ta tafi zuciya ta tsayar da ita. Mutum yana magana, sai ya yi shiru. Zaman da kuka sa shi ne. Ga lilon kai: ƙashin wuyan da ya fashe yana iya ƙarasa datse laka, numfashi ya ɗauke.

Na san tausayi ne ke sa ku gaggawa, ƴan uwana. Amma gaggawar kabu-kabu ba taimako ba ce.

Ku kwantar da shi. Ku danne ramin da ƙyalle mai tsabta, da ƙarfi, gefe ɗaya kawai, kada ku ɗaga don leƙawa. In ya jiƙe ku ƙara wani a kai. Kada a naɗe wuya da rawani ko igiya. Ba ruwa, ba barbaɗa gari a raunin, ba tonon harsashi. In jini na shaƙe shi, a juya shi gefe, kai da jiki tare. A kira 18, lambar ƴan kwana-kwana, ko a nemi mota ya tafi a kwance, mai dannewa na tare da shi har hannun likita.

Ko ramin ƙanƙane ne, ku kawo shi. Kumburi da dushewar murya alama ce jini na taruwa ciki, yana matse maƙogwaro.

Idan ya cika, kada a wanke raunin ko a jefar da riga sai likita da jandarma sun duba, domin baƙin hayaƙin albarushi ke nuna nisan da aka yi harbin.