Fadar Alhamra

Alhamra, wadda Turawa ke kira Alhambra, fada ce da ganuwa da lambuna a kan tudun Sabika, a birnin Garnaɗa da ke kudancin Sifaniya. Sunan daga Larabci ne, ma'anarsa ja, kuma galibi ana danganta shi da jar ƙasar da aka dandaƙa aka yi bangon da ita. Hukumar UNESCO ta sanya ta cikin wuraren tarihi na duniya a 1984.

Tarihi

Muhammad ɗan Ahmar, wanda ya kafa daular Musulmi ta Banu Nasr a Garnaɗa, shi ya fara ginin a 1238, a kan kangon wata tsohuwar ganuwa. Mafi yawan abin da ake kallo a yau aikin sarakuna biyu ne, Yusuf na Ɗaya (1333 zuwa 1354) da ɗansa Muhammad na Biyar, wanda ya rasu a 1391. Ranar 2 ga Janairu, 1492, sarki na ƙarshe, Abu Abdullahi Muhammad na Goma Sha Biyu, ya miƙa birnin ga Fadinand da Isabela, sarakunan Kirista na Sifaniya. A 1527 Sarki Sharl na Biyar, mai mulkin Sifaniya a lokacin, ya sa aka fara wata fadar dutse a cikin ganuwar. Sojojin Faransa kuwa, waɗanda suka mamaye wurin daga baya, sun rusa wasu hasumiyoyi da albarushi lokacin da za su fice a 1812.

Fadojin Banu Nasr

A tsakar gidan Kumaris, ɗaya daga cikin fadojin, akwai tafki mai tsawon kusan mita 34, da shingen raihani a gefensa biyu. An tsara mashigar ruwan ta yadda zai sulale a hankali, don kada fuskar tafkin ta motsa, sai hoton hasumiya ya fito a ciki ƙarara. Cikin hasumiyar, mai tsayin mita 45, nan zauren karɓar jakadu yake. Rufinsa guntayen katako ne kimanin 8,000, an harhaɗa su don kwatanta sammai bakwai.

Tsakar Gidan Zakuna na Muhammad na Biyar ne. Ginshiƙan marmara 124 sun kewaye shi, zakuna 12 kuma suna ɗauke da kwanon ruwa a tsakiya, daga nan ƙananan magudanai huɗu suka haɗa shi da ɗakunan kewaye. A bakin kwanon an sassaƙa baitocin waziri Ibn Zamrak. Taken gidan sarautar, "Wa la galiba illallah", wato babu mai rinjaye sai Allah, yana ko'ina a bango, har a kusurwar da ido ba ya saurin kaiwa. Adon bangon filasta ne, shi ya sa danshi da taɓin hannu suke cinsa.

Ruwa da lambuna

Tudun ba shi da ruwan da zai ishi fada. An tare kogin Darro kimanin kilomita 6 daga sama, aka janyo ruwan ta magudanar da ke bin gefen dutse da ɗan gangare, ya ratsa lambunan tukuna sannan ya haye gada ya shiga ganuwa. Wannan aiki shi ne ran wurin gaba ɗaya.

Gidan hutun sarakuna, wanda Turawa ke kira Generalife, ana jin an gina shi a ƙarshen ƙarni na 13 ko farkon na 14. An yi saɓani kan asalin sunan. A can akwai matakalar da ruwa ke gudu ta cikin madafarta, mai hawa yana iya tsoma hannu. Feshin ruwan da ke giciye a tsakar gidan ƙari ne da aka yi daga baya, haka ma lambunan da ke ƙasa da gidan, waɗanda aka shuka a ƙarni na 20.

Ziyara

Tikitin yana ɗauke da sunan mai shi da lokacin shiga fadojin Banu Nasr. Wanda ya makara ya rasa damarsa. Ana neman fasfo ko katin shaida a ƙofa, kuma a lokacin hutu tikiti kan ƙare tun da makonni. Zagayen yakan ci sa'o'i uku, da hawa da sauka a kan daɓen dutse.