Masu kiwon hawainiya a Zariya, ga amsar tambayoyinku kan laima da zafi da shuka a keji

Assalamu alaikum. Tambayoyin nan kullum su ne dai, yau wannan ya yi gobe wancan ya maimaita, wani ma sai dabbar ta sauko ƙasan keji ido ya zurma sannan zai tuna ya tambaya. To na tara su wuri ɗaya, dan Allah a karanta kafin a sake turo min.

Malam zan iya ajiye ta a kwali ko akwatin gilas na kifi?

A'a. Keji mai raga, dogo a tsaye, don hawainiya 'yar hawa ce ba 'yar ƙasa ba. Babba tana son kamar santimita 60 faɗi, 60 zurfi, 120 tsayi. Gilas yana riƙe zafi kuma iska ba ta ratsa shi, a garin nan kashe ta zai yi.

Na sa mata ruwa a kwano ta ƙi sha.

Ba za ta sha ba. Ɗigon ruwa take lasa a jikin ganye kamar yadda take shan raɓa a daji. Ka huda gorar ruwa da allura ka ɗora a saman keji ta riƙa ɗiga kan ganye, ka sa roba a ƙasa ta tari abin da ya zuba, shikenan.

An ce tana da dafi, wai in ta ciji mutum fatarsa za ta canza?

Ba ta da dafi. Ka wanke hannu da sabulu bayan ka taɓa ta ko kejinta, kuma ka rage ɗaukarta, ba ta so.

Zafi nawa take so?

Wace iri ce da kai? Kullum sai na tambaya kullum sai a ce min "hawainiya ce dai". Haba ɗan uwa. Akwai tamu ta gida da ake tsinta a gonaki da lambuna, akwai mai doguwar hula a ka wadda asalinta Yaman da Saudiyya, akwai mai launuka ta Madagaska, akwai mai ƙaho uku ta tsaunukan Kenya da Tanzaniya. Mai ƙahon nan 'yar sanyi ce, dan Allah kar ka saye ta in ba ka da ɗakin da ke da sanyi dare da rana, watan Afrilun Zariya ba nata ba ne. Ga mai hular Yaman, wurin shan ɗumi a saman keji, ƙarƙashin fitilar ɗumi, ya kasance digiri 29 zuwa 32, sauran kejin 22 zuwa 27, da dare kuma ya sauka, ko ya kai 16 ba komai, saukar ma tana so. Abin nufi sama ɗumi ƙasa sanyi, ita za ta zaɓi inda take so. Kuma ka sayi ma'auni, akwai ƙarami mai batir da ke nuna zafi da laima tare. Ji da tafin hannu ba awo ba ne.

Hunturu ya shigo, ma'auni yana nuna laima ƙasa da 20, ya zan yi? In rufe kejin da leda in ta fesa ruwa?

Toh nan ne maganar take, kuma nan ne mutanenmu suka fi asara, don haka a yi haƙuri zan ɗan tsawaita.

Da farko kar ka firgita da lambar da ka gani da rana. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar da ke kaɗowa daga Sahara busasshiya ce, laima takan faɗi ƙasa da kashi 20, kowa ya san yadda leɓe da dunduniya ke tsagewa. Hawainiya ba ta buƙatar kejinta ya jiƙe yini guda. Ga mai hula, kashi 30 zuwa 50 da rana ya isa, da dare ne ake so ya hau sosai, 75 ko sama, kamar yadda yake a daji lokacin da gari ya yi sanyi raɓa ta sauka. Matsalar ita ce mutum ya ga 18 a ma'auni sai ya naɗe kejin gaba ɗaya da leda ya yi ta feshi tsakar rana fitila na kunne, sai a haɗu da zafi da jiƙa da rashin iska, abubuwa ukun nan in suka haɗu ciwon huhu ne, kuma hawainiya in huhunta ya kamu da wuya take tashi.

Abin da nake ba da shawara, kuma ba na ce shi kaɗai ne daidai ba don ɗaki ya bambanta da ɗaki, mai silin daban mai rufin kwano tsirara daban: ka rufe gefe biyu, in iskar ta yi tsanani gefe uku, musamman ɓangaren da hazo ke bugowa, amma gaba da sama a bar su raga. Ka yi feshi mai kyau da asuba kafin ka kunna fitila, minti biyu ko uku har ganye ya riƙa ɗiga, ka sake bayan magariba in an kashe fitila. Tsakanin feshi biyun nan kejin ya bushe, dole ya bushe. Da dare kana iya rataya jiƙaƙƙen buhun algarara ko tawul a gefe ɗaya daga waje. Mai na'urar hazon ruwa zai iya kunna ta cikin dare, amma sai in ɗakin ya sauka ƙasa da digiri 20, kuma a riƙa wanke ta don ƙazanta na taruwa a ciki, in ba za ka iya wankewa ba gara ka bar ta.

Sai dai akwai inda zan ja maka birki. Cikin Disamba da Janairu dare yakan yi sanyi ƙwarai a nan, musamman can wajen Samaru da Shika da gidajen da ke kusa da Kubanni ko Galma, wani lokacin har ƙasa da 15. In kejinka a baranda yake, kar ka jiƙa dabbar kanta da daddare iska na kaɗa ta, ganye za ka fesa ba ita ba, ruwan ma kar ya zama mai sanyin ƙanƙara. In ƙarama ce ko marar lafiya ka shigar da ita ɗaki. Kuma dan girman Allah ban da kaskon gawayi a ɗakin da take, na san ana yi don ɗumi, hayaƙin nan mutum ma yana kashewa balle ita.

Ta yaya za ka san abin ya yi? Ba daga ma'auni kaɗai ba. Dubi kashinta, akwai wani farin abu da ke fitowa tare da shi, in fari ne tas ruwa ya wadace ta, in ya koma ruwan lemo ko ja-ja to ƙishi take ji, ƙara ɗigo. Ido ya cika ya fito, ba ya lotsa ba. In saɓa ta maƙale a yatsu ko bakin wutsiya laimar dare ta yi kaɗan. Tamu ta gida ta fi haƙuri da bushewa, haka ne, amma ka tuna a daji tana da zaɓi, ta shige cikin ganye ko ta bi lambu, a keji kuwa abin da ka ba ta shi ke nan. Ka gwada mako ɗaya ka duba, in bai yi ba ka canza abu ɗaya tak ka sake dubawa, kar ka canza komai lokaci guda ka rasa gane wanda ya yi aiki.

Da damina fa?

Cire ledar duka. Lokacin marka a Agusta iskar kanta a jiƙe take, rage feshi, ka lura da fumfuna a rassa da ruwan da ke kwanciya a ƙasa.

Bazara kuma ga zafi ga ba wuta.

Maris da Afrilu muna kusantar digiri 40, to fitilar ɗumi ta me? Kashe ta. Sauke kejin zuwa ɗakin da ya fi sanyi a gidan ko inuwa mai kauri, nesa da bangon da rana ke duka da la'asar. Jiƙaƙƙen buhu a gefe yana sanyaya iska kamar yadda randa ke sanyaya ruwa, ya fi aiki tun iska na bushe kafin hadari ya fara haɗuwa. In ka ga ta buɗe baki ta yi fari-fari ta sauko ƙasa, zafi ne, kar ka tsaya ɗaukar hoto.

Dole sai shuka mai rai? Na roba bai isa ba?

Bai isa ba. Mai rai tana riƙe laima, tana riƙe ɗigon sha, tana ba ta maɓuya, kuma mai hula takan ci ganye, in ta haɗiye roba an shiga uku. Wajen masu sayar da fulawa ka nemi fotos, wato mai yaɗon nan mai ganye kamar zuciya, ko fikus, wato dangin ɓaure, ko fulawar nan dangin zoɓo da rama. Rama kanta ba laifi, ba banza Bahaushe ya ce hawainiyarka ta kiyayi ramata ba. Ban da kariya, ban da tumfafiya, ban da tinya da aguwa da bini-da-zugu, duk guba ne ko da sun yi kyau a ido. Shukar da ka sayo ka wanke ganyenta sosai, ka canza ƙasar don akwai takin zamani da maganin feshi, ka rufe saman tukunyar da manyan duwatsun da ba za ta iya haɗiyewa ba. A cika tsakiyar kejin da ganye har sai ka neme ta kafin ka gan ta. Masu cewa "to ai ba zan riƙa ganinta ba", ba don kallonka aka halicce ta ba.

Kejin yana jikin taga, rana na shigowa ta gilas, ya wadatar?

Gilas yana tare hasken UVB, wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani, in ba shi kuma jikinta ba zai sarrafa kalsiyam ba, ƙashi ya yi laushi ƙafa ta lanƙwashe. Ko ka sa doguwar fitilar UVB ka canza ta duk wata 6 zuwa 12 ko da tana ci, ko ka fitar da kejin hantsi, rabi rana rabi inuwa, kana kusa. Mu rana ba ta yi mana wuya, ku yi amfani da ita.

Zan iya fesa maganin sauro a ɗakin?

A'a. Ba na gwangwani, ba na hayaƙi, ba fiya-fiya. Fara da gyaren da kake kamo mata ma kar su fito daga gonar da aka yi wa feshi.

In haɗa biyu su ɗebe wa juna kewa?

Ba ta kewa. Kowace da kejinta, ko hango juna kar su yi.

Tana ɗaga kai sama tana numfashi da baki, akwai yauƙi, wane magani zan ba ta?

Ba zan faɗa maka magani ba, kuma kar ka je kemis ka sayo na mutane ka ɗura mata. Cire duk leda, tsayar da feshin dare, bar mata wurin ɗumi da ɗigon sha, ka kai ta wajen likitan dabbobi yau ba gobe ba. Muna da asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Ka tafi da hoton kejin da lambobin da ma'auninka ke nunawa safe da dare, likitan zai buƙace su.